Jefferson ya tsani bauta da gaske, ko a fatar baki ne?

Wata gardama muka yi da yayana kwanakin baya, har yau ta ƙi fita daga raina. Shi mutum ne mai son tarihin Amurka sosai, kuma cikin mutanen da suka kafa ƙasar nan babu wanda yake gani da girma kamar Thomas Jefferson, in ya fara zancensa har muryarsa canjawa take. Sai na ce mishi, Yaya, mutumin nan fa bayi sama da 600 ne suka bi ta hannunsa a rayuwarsa. Ya ce ai wannan kowa ya sani, amma a zuciyarsa ya tsani abin, zamani ne kawai ya ɗaure shi, ga kuma bashi ya yi mishi katutu. Ban ja da shi ba ranar, yaya ne, amma maganar ta tsaya min a wuya, na koma na yi ta bin wasiƙun mutumin da tarihin gidansa na Monticello, don shi Jefferson mutum ne da komai sai ya rubuta, daga kuɗin da ya kashe a kasuwa har yawan bargon da ya raba wa bayinsa, to shaidar da ake buƙata a kansa mafi yawanta da alƙalaminsa ya bar ta.

Bari in fara ba shi haƙƙinsa, don wallahi yana da shi, kuma ba na son a ce na ɓoye.

A 1770, yana matashin lauya a Virginia bai kai shekara talatin ba, ya tsaya wa wani saurayi mai suna Samuel Howell a kotu kyauta, ana riƙe da yaron cikin aikin dole saboda kakarsa farar fata ce da ta haihu da baƙi, Jefferson ya ce a dokar halitta kowane mutum ɗa ake haifarsa, kotu ba ta saurare shi ba ya faɗi shari'ar. A 1776 shi ya rubuta takardar shelar 'yancin kan Amurka, wadda a cikinta aka ce duk mutane daidai aka halicce su. A daftarin farko ma akwai wani dogon sakin layi mai zafi inda ya zargi Sarki George na uku na Ingila da yaƙar ɗan Adam, ya ce ya kamo mutanen wata ƙasa mai nisa da ba su taɓa yi masa laifi ba ya kai su bauta, majalisa ce ta goge wurin, kuma shi da kansa ya ce don a faranta wa South Carolina da Georgia aka goge, da kuma 'yan arewa masu jiragen da ke jigilar bayin. A 1784 ya kawo shawara a majalisa cewa daga 1800 kar a yarda da bauta a duk sabbin yankunan yamma, shawarar ta faɗi da ƙuri'a ɗaya tak, wani wakili daga New Jersey yana kwance ba lafiya bai zo ba, kuma Jefferson ya ji zafin abin, ya rubuta cewa muryar mutum ɗaya da ta hana wannan mugun laifi yaɗuwa. A littafin da ya rubuta kan jihar Virginia, wanda aka fara bugawa a 1785, akwai maganar nan da kowa ke ɗauko wa, inda ya ce jikinsa na rawa saboda ƙasarsa in ya tuna cewa Allah mai adalci ne kuma adalcinsa ba zai yi barci har abada ba. Sannan yana shugaban ƙasa ya nemi majalisa ta hana shigo da bayi daga Afirka, ya sa hannu a dokar a watan Maris 1807, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1808.

Duk wannan gaskiya ne. Kuma ni ban yarda da masu cewa wai duk wasan kwaikwayo yake ba. Wanda ya karanta wurin nan da yake bayanin yadda ɗan ubangida ke tsayawa yana kallon ubansa yana zazzaga wa bawa masifa, shi ma ya koya ya je ya gwada a kan ƙananan bayi, ya san marubucin nan a gidansu ya ga abin, ba labari aka ba shi ba. Ya san mugun abu ne, sani na haƙiƙa. Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne me ya yi a wurin da yake da cikakken iko, wurin da ba majalisa, ba ƙuri'a, ba wakilin New Jersey mara lafiya, sai shi da alƙalaminsa.

Koma 1769, shekara guda kafin shari'ar Howell. Ya ba da cigiya a jaridar Virginia Gazette cewa bawansa mai suna Sandy ya gudu, mai kimanin shekara 35, sana'arsa ɗinkin takalmi kuma bahago ne da hagu yake ɗinkin, ya ɗan iya kafinta, ya kuma sa lada ga duk wanda ya kamo shi. An kamo shi, daga baya ya sayar da shi. Ka ga irin sanin da ya yi wa mutumin, har hannun da yake riƙe basilla da shi ya sani, kuma sanin bai amfane shi da komai ba sai wajen kwatanta shi ga masu farautarsa. Lokacin da yake Philadelphia yana rubuta cewa duk mutane daidai suke, yaron da ke yi masa hidima a masaukin, Robert Hemings, ɗan shekara 14, bawansa ne. Sakin layin nan ma da aka goge, in ka karanta shi har ƙarshe za ka ga ya ƙare ne da ƙorafin cewa Sarki na zuga bayin su ɗau makami a kan iyayen gidansu, don gwamnan Ingila a Virginia, Lord Dunmore, ya yi shela a 1775 cewa bawan ɗan tawaye da ya gudo ya shiga sojan Sarki an 'yanta shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sarki yana can ƙetaren teku, amma masu saye da masu gandu suna nan Virginia, kuma Jefferson ɗaya ne daga manyansu, musamman bayan surukinsa John Wayles, uban matarsa, ya mutu a 1773 ya bar musu bayi 135.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maƙerar ƙusa. A 1794 ya buɗe ta a Mulberry Row, layin nan na ɗakunan bayi da wuraren sana'a da ke gefen babban gidan, ya zuba yara maza 'yan shekara 10 zuwa 16, aikinsu daga safe zuwa yamma su tsaya gaban wuta suna yanka sandar ƙarfe suna bugawa ta zama ƙusa. Shi da kansa, tsohon ministan harkokin waje na Amurka, yake zuwa ya auna ƙarfen da aka ba kowane yaro da safe, ya dawo ya auna ƙusar da ya fitar, ya rubuta a littafi nawa yaron nan ya ɓarnatar nawa wancan ya ɓarnatar. Wanda ya fi ƙoƙari a ba shi sabbin kaya ja ko shuɗi. Ya rubuta wa wani Bafaranshe a 1795 cewa ribar yaran nan ce ke riƙe da shi kafin gonakinsa su farfaɗo. A 1803 wani daga cikinsu mai suna Cary ya rotsa wa wani yaro guduma a kai, Jefferson yana fadar shugaban ƙasa ya aiko da umarni a sayar da shi can nesa, ga fataken bayi na Georgia in an samu, yadda ba za a sake jin ɗuriyarsa ba, don sauran su ji kamar mutuwa ce ta ɗauke shi su tsorata. Wani kuma, James Hubbard, ya gudu har sau biyu, da aka kamo shi a 1812 Jefferson ya rubuta da hannunsa cewa ya sa an yi masa bulala mai tsanani a gaban tsofaffin abokan aikinsa. Ana yawan cewa ai Jefferson ba ya son duka, kuma gaskiya ne ya fi son a yi amfani da lada, amma bulalar tana nan rataye a gandunsa, ya ɗauki masu gadin da aka san su da ita, in ta kama kuma shi ke ba da umarni.

Akwai wata wasiƙa ta 1820 da ya aika wa mijin 'yarsa John Wayles Eppes, wadda na karanta sau uku don na ɗauka ban fahimta ba. Ya ce shi a wurinsa macen da ke haihuwa duk bayan shekara biyu ta fi namijin da ya fi kowa ƙarfi a gona riba, saboda abin da ta haifa ƙari ne a jari, shi kuwa namiji aikinsa cinye shi ake. Mutumin da jikinsa ke rawa don tsoron adalcin Allah ne fa ya rubuta wannan, yana lissafin jarirai kamar mai lissafin garke.

Da na ga wannan sai na koma na sake duba dokokin da ake yabonsa da su. Hana shigo da bayi daga Afirka alheri ne, babu tantama, rayuka da yawa sun tsira daga cikin jiragen nan. Amma Virginia ba ta yi asarar komai ba da dokar, don bayi sun riga sun yi mata yawa, taba ta gajiyar da ƙasa, kuma da aka rufe ƙofar teku sai masu gonakin auduga da rake na can kudu suka koma saye daga Virginia da Maryland, kusan mutum miliyan ɗaya aka kora kudu ta wannan hanya kafin yaƙin basasar Amurka, ana raba uwa da ɗa, miji da mata. Ƙidayar 1790 ta nuna bayi kusan 700,000 a Amurka, zuwa 1860 sun kusa miliyan 4. Shawarar 1784 kuma kan ƙasar da ba gandunsa a ciki ce. Ban ce don riba ya yi su ba, ina ganin da zuciya ɗaya ya yi, amma dai ka duba da kyau, duk matakin da ya ɗauka kan bauta mataki ne da bai taɓa aljihunsa ba. Da ya samu dama mafi girma a 1803, lokacin da ya sayi yankin Louisiana daga Faransa kan dala miliyan 15 ƙasar ta kusa ninkawa biyu, bai yi wani yunƙuri na hana bauta shiga can ba. Bayin Haiti da suka yi abin da Amurkawa suka yi a 1776, suka kori masu mulkinsu suka kafa ƙasa a 1804, gwamnatinsa ta ƙi amincewa da su, aka kuma sa musu takunkumin ciniki a 1806, sai a 1862 zamanin Shugaba Lincoln Amurka ta yarda akwai ƙasa mai suna Haiti. A rikicin Missouri na 1820 kuwa, da 'yan arewa suka ce kar a shigar da sabuwar jiha da bauta, Jefferson bai goya musu baya ba, cewa ya yi wai in bayi suka bazu a faɗin ƙasa za su fi jin sauƙi kuma 'yanta su zai fi sauƙi. Wato abin da ya nema a 1784 shi ne ya juya wa baya yana tsoho. A lokacin ne ya yi maganar nan cewa sun kama kyarkeci a kunne, riƙewa ba ta yiwuwa, saki ma ba lafiya, adalci a gefe ɗaya na sikeli, tsira da kai a ɗaya gefen. Mutane na son maganar don ta nuna yana cikin damuwa. Ni abin da na gani a ciki shi ne waɗanda aka zalunta su ne suka zama kyarkecin, mai riƙon kuma shi ne abin tausayi.

To sai uzurin farko na Yaya, wai zamani ne. Wannan uzurin maƙwabtansa ne suka rushe shi, ba mu 'yan yau ba. Tun 1782 dokar Virginia ta ba ubangida damar ya 'yanta bawansa da takarda kawai, kuma dubbai sun samu 'yanci ta wannan ƙofar. Robert Carter na uku, attajiri ɗan manyan gida a Virginia ɗin, a 1791 ya shigar da takarda kotu ya fara 'yanta bayinsa sama da 450 kashi-kashi, 'yan'uwansa da maƙwabta suna ta jin haushi, bai fasa ba. George Washington, shugaban Amurka na farko, wanda shi ma ba wankakke ba ne don ya yi ta neman a kamo masa wata baiwa Ona Judge da ta gudu, ya bar wasiyya a 1799 cewa a 'yanta bayi 123 da suke mallakinsa, har ya ce a kula da tsofaffi a koya wa marayu karatu da sana'a. Duk mutanen zamani ɗaya ne, jiha ɗaya, doka ɗaya.

Amma labarin da ya fi kowanne kashe min jiki shi ne na Edward Coles. Saurayi ne maƙwabcinsa a Albemarle, sakataren Shugaba James Madison, ya gaji bayi kuma ya ƙudura ba zai riƙe su ba. A 1814 ya rubuta wa Jefferson wasiƙa cike da ladabi irin ta ɗa ga uba, yana roƙonsa ya fito ya ja gaba a neman kawar da bauta a Virginia, tunda babu mai irin muryarsa. Jefferson ya amsa da daɗin baki, ya ce ra'ayinsa sananne ne tun tuni, lokacin 'yanci na tafe, amma wannan aikin na matasa ne, shi abin da ya rage mishi addu'a ce, makamin tsoho. Bai tsaya nan ba, ya shawarci Coles kar ya bar jihar da bayinsa, ya haƙura ya zauna da ƙasarsa a halin da take. Coles bai bi ba. A 1819 ya kwashe mutanensa suka hau kwale-kwale a kogin Ohio, suna tsakiyar ruwa ya tara su ya ce musu daga yau ku 'ya'ya ne, wanda ya ga dama ya bi ni wanda ya ga dama ya kama gabansa, da suka isa Illinois ya ba kowane magidanci eka 160 ta gona. Ya zama gwamnan jihar a 1822, kuma ya yi tsayin daka har aka kayar da masu son halatta bauta a can a ƙuri'ar 1824. Shi kuwa tsohon da ya ce ƙarfinsa ya ƙare, shekara 12 ya ƙara a duniya, kuma a cikinsu ne ya kafa Jami'ar Virginia, shi ya zana gine-ginen, shi ya yi ta bin 'yan majalisar jiha har suka ba da kuɗi, shi ya nemo malamai daga Turai, yana hawa doki yana zuwa duba aikin, leburorin ginin kuma da yawansu bayi ne da aka yi haya. Ƙarfin yana nan ashe, ga abin da ya sa a ransa.

Uzuri na biyu, bashi. Wannan ya fi na farko ƙarfi kuma ba zan raina shi ba. Ya gaji bashi mai nauyi daga surukinsa tare da bayin, ya tsaya wa wani abokinsa lamuni na dala 20,000 abokin ya karye, kuma a doka masu bin bashi na iya kama bawan da aka 'yanta su sayar in ubangidan bai biya ba. To a ƙarshen rayuwarsa kam hannunsa a ɗaure yake. Amma wa ya ɗaure hannun? Mutumin da ya dawo daga aikin jakadanci a Faransa ya sa aka biyo shi da akwatuna 86 na kayan ɗaki da zane-zane da littattafai, ya rushe wani ɓangare na gidan da ya riga ya gina ya sake shi daga 1796 har zuwa 1809, giyar inabi daga Turai ba ta yankewa a teburinsa, littattafansa da ya sayar wa majalisa a 1815 sun haura 6,000 kuma yana sayarwa ya fara tara wasu. Kuɗin nan daga ina? Ya sayar da mutane sama da ɗari a rayuwarsa, ya kuma jinginar da wasu ga masu ba da rance. Bashi ba rana ɗaya ya faɗo masa daga sama ba, shekara arba'in ana zaɓa tsakanin sabon ɗaki da 'yancin wani, kullum ɗakin ke ci. Abokinsa ma Tadeusz Kosciuszko, sojan nan ɗan Poland da ya taya Amurka yaƙi, ya bar wasiyya a 1798 cewa a yi amfani da dukiyarsa ta Amurka a fanshi bayi har da na Jefferson a ilimantar da su, ya naɗa Jefferson wasiyyi, da ya mutu a 1817 Jefferson ya ce ya tsufa ba zai iya ba. Gaskiya wasiyyar ta zo da rikici don akwai wasu wasiyyoyin daga baya kuma shari'ar ta daɗe a kotu, ba zan ɗora mishi duka laifin ba, amma bai ko gwada ba.

Ni a ganina abin da ya riƙe shi da gaske ya fi bashi zurfi. A cikin littafin nan dai da ya ce jikinsa na rawa, ya ɓata shafuka yana cewa yana zargin baƙar fata ba su kai fari ba a hankali da jiki, kuma duk tsarin 'yantawa da ya taɓa kawowa sharaɗinsa ɗaya ne, a kwashe su a kai su wata ƙasa, don bai yarda fari da baƙi za su zauna a matsayin 'yan ƙasa ɗaya ba. In ka sa sharaɗin da ba mai iya cikawa, ai ka ɗage maganar ke nan har abada kana kuma jin kanka mai gaskiya. A 1791 Benjamin Banneker, baƙar fata ɗa daga Maryland wanda ya koya wa kansa lissafin taurari, ya aika masa kalandar da ya lissafa da hannunsa, tare da wasiƙa inda ya maido masa da kalmominsa na 1776 ya ce yaya za ka faɗi wannan kana riƙe da 'yan'uwana. Jefferson ya amsa da mutunci ya ce babu wanda ya fi shi son ganin irin wannan shaida. Amma a 1809 ya rubuta wa wani abokinsa cewa yana zargin taimaka wa Banneker aka yi, kuma basirarsa ba wata ta a zo a gani ba ce. Shaida ta zo har gida, ya ƙi ta.

Kuma mutumin da ke cewa haɗa jini ƙasƙanci ne shi ne uban 'ya'yan Sally Hemings. Ita Sally ƙanwar matarsa Martha ce uba ɗaya, John Wayles ne ya haife ta da baiwarsa Elizabeth, aka gaje ta tana jaririya kamar kaya, don a dokar Virginia tun 1662 ɗa matsayin uwarsa yake bi, ko ubangida ne ya haife shi bawa ne. Martha ta rasu a 1782. Sally ta isa Paris a 1787 tana shekara 14 ta rako 'yarsa, shi yana 44. Ɗanta Madison ya ba da labari a wata jaridar Ohio a 1873 cewa a Faransa tana da damar zama 'ya, ta ƙi komawa, sai da Jefferson ya yi mata alkawarin zai 'yanta 'ya'yanta in sun kai 21 sannan ta yarda. Yarinya 'yar shekara 16 a baƙuwar ƙasa tana cinikin 'yancin 'ya'yan da ba ta haifa ba tukuna, da nata 'yancin ta biya. Wani ɗan jarida James Callender ya fasa ƙwan tun 1802, aka yi kusan shekara 200 manyan masana tarihi na cewa ƙage ne suna watsi da maganar Madison, sai gwajin ƙwayar halitta na 1998 ya nuna jinin gidan Jefferson a zuriyar ɗanta Eston, a 2000 kuma gidauniyar da ke kula da Monticello ta ce hujjoji sun nuna shi ne uban. Akwai 'yan tsiraru da har yanzu ke cewa ƙaninsa ne, amma duk cikin da ta yi a Monticello lissafi ya nuna Jefferson na gida a lokacin. Alkawarin ya cika shi, 'ya'yanta huɗu da suka rayu duk sun fita daga bauta, Beverly da Harriet an bar su sun tafi a 1822, Madison da Eston ta wasiyya. Ita kanta bai taɓa rubuta mata takardar 'yanci ba.

Lissafin ke nan gaba ɗaya, cikin sama da 600, biyu ya 'yanta da takarda yana raye, Robert Hemings a 1794 da James Hemings a 1796, shi ma James sai da ya koya wa ƙaninsa Peter girkin Faransa ya maye gurbinsa a kicin, sannan biyar a wasiyya, kuma dukkansu 'yan gidan Hemings ne. Shi ya sa na koma na ce wa Yaya, na yarda da kai ya tsani bauta a tunaninsa, kuma kalmominsa sun yi aikin da shi bai yi ba, don Frederick Douglass, tsohon bawan da ya zama jagoran yaƙi da bauta, da Lincoln da su suka yi yaƙi, amma ni ba zan kira shi mai adawa da bauta ba, don mai adawa da abu akwai ranar da yake yarda ya yi asara saboda shi, kuma na nemi wannan ranar a shekaru 83 na mutumin nan ban same ta ba. Yaya ya yi shiru, can ya ce, to ai ko ba komai shi ya rubuta. Na ce haka ne, Yaya, shi ya rubuta.

Ya mutu ranar 4 ga Yuli 1826, daidai shekara 50 da shelar 'yanci, da bashin da ya haura dala 100,000. A watan Janairu 1827 aka buga ƙararrawar gwanjo a Monticello, tallan jarida ya ce akwai bayi 130 na sayarwa tare da kayan ɗaki da dabbobi da kayan gona. Cikin biyar ɗin da wasiyya ta 'yanta akwai Joseph Fossett, maƙerin gidan, amma wasiyyar ba ta ambaci matarsa Edith ba, wadda ta yi shekaru tana dafa wa Jefferson abinci tun daga fadar shugaban ƙasa, ba ta kuma ambaci 'ya'yansu ba, aka ɗora su kan dandamali aka sayar wa mutane daban-daban. Joseph ya yi shekaru yana bugun ƙarfe yana tara kuɗi yana fanso iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, wasu ya samu wasu bai samu ba, har suka koma Ohio. Ɗansa Peter yana shekara 11 ranar gwanjon, mutumin da ya saye shi kuma ya ƙi sakinsa, ya yi ƙoƙarin gudu sau biyu ana kamo shi, sai a 1850, shekara 23 bayan gwanjon, dangi da abokan arziki suka haɗa kuɗi suka fanshe shi ya je ya tarar da iyayensa a Cincinnati.